Baƙin tol, galba, alminiyom ko Alucobond: wanne ya dace da allon hanya a Maradi?

Mai kilinik da motoci ke toshe masa ƙofa, shugaban makarantar da yara ke tsallaka kwalta a gabanta, kwamitin masallacin Juma'a, ƙungiyar direbobi a tasha, mai gidan mai: duk sukan kai ranar da za su ce a yi musu allo. Daga nan ruɗani ke farawa. Mai walda zai ce baƙin tol, wato farantin ƙarfe zalla, da fenti sun isa. Mai buga sitika zai ɗauko Forex ko Alucobond, ya ce zamani ya wuce fenti. Wanda ya saba zuwa Kwatano kuma zai ce in ba alminiyom ba, asarar kuɗi ce. Kowa abin da ke shagonsa yake yabo, ba kuwa laifinsa ba ne. Kai da za ka biya kuɗin, kai ya kamata ka san abin da allon zai fuskanta a inda za a kafa shi.

Abin da za a duba kafin a tambayi farashi

Na farko rana. A bazara, Afrilu da Mayu, zafin Maradi kan wuce digiri 40 a inuwa, faranti mai duhun launi da ke tsaye a fili kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Rana ce ke cinye launi, kuma ja ta fi saurin ci. Matsalar ita ce ja shi ne launin hani: zoben allon hana ajiye mota ja ne, gefen allon gargaɗi mai kusurwa uku ja ne, allon STOP gaba ɗayansa ja ne. In jan ya koɗe ya koma ruwan hoda, allon na nan tsaye amma maganarsa ta mutu. Allon da ke kallon yamma ko kudu ya fi shan wannan wahala.

Na biyu iska. Guguwar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina ita ce jarrabawar allo. Iskar da ke gudun kilomita 100 a awa tana danna kowace murabba'in mita da nauyin da ya kusa kilo 60. Da'ira mai faɗin santimita 65 ba za ta ɗauki fiye da kilo 20 ba, amma allon mita 1 da mita 2 irin na ƙofar tasha zai ɗauki sama da kilo 100, kuma duk nauyin a gindin sanda yake ƙarewa.

Na uku hannun mutane da na hanya: ɓarawon ƙarfe, jifar yara, amalanken shanu da ke goga gefe, adaidaita da ke juyawa a ƙurarren wuri, tirela mai ja da baya, da masu manna takardun sanarwa. A ganina wannan ne ya fi kashe alluna a garin nan, ba tsatsa ba. Ruwan Maradi na wata huɗu ne, Yuni zuwa Satumba, sauran shekara iska busasshiya ce, babu gishirin teku. Shawarar da ta dace da Kwatano ko Lome, inda ƙarfe ke ruɓewa a tsaye, ba lallai ta dace da unguwannin Maradi irin su Ali Ɗan Sofo ko Zariya ba.

Sai dare: direba zai ga allon da fitilar motarsa, ko kuwa sai ya zo kansa? Sai kuɗi, na saye da na sakewa. Sai kuma ko akwai mai gyara a kusa.

Baƙin tol da fenti

Shi ne mafi araha a cikin ƙarafa, kuma kowane mai walda na iya yanka shi, ya lanƙwasa, ya haɗa da sanda cikin yini guda. In mota ta buge shi, guduma ta miƙar da shi. Ɓarawo ma bai cika damuwa da shi ba, don kilonsa ba ya kawo wani abin kirki wajen ƴan gwangwan.

Lafiyarsa duk tana hannun mai fenti. In an kankare shi, an goge maiƙon da ke jikinsa, an shafa fentin hana tsatsa kafin a sa launi, zai yi shekaru. In kuwa an fesa launi kai tsaye don a yi sauri, damina guda ta isa ka ga jan ruwa na gangarowa daga ramin bulon, wato ƙusa mai noti, da gefen da aka yanka. Ka dubi kauri kuma. Ƴan kasuwa na kiran tol da lamba, 8/10, 10/10, 15/10, wato kashi goma na milimita. Allon da zai tsaya a kan sanda guda kada ya gaza 15/10, wato milimita 1.5. Mai 8/10 kaɗawa yake yi a iska har ramin bulon ya yage.

Babban rauninsa fenti ne ba ƙarfen ba: fenti ba ya mayar da haske. Da magariba ta yi, allon ya zama baƙin abu a gefen hanya.

Tol galba

Ƙarfe ɗaya ne da na farko, sai dai an lulluɓe shi da tutiya tun daga masana'anta. Tutiyar ce ke karɓar tsatsa a madadin ƙarfen, har ƙaramin ƙarzane ma tana rufe masa asiri. A busasshiyar ƙasa irin tamu, farantin galba mai kauri zai ga bayan fuskar da aka manna masa sau biyu ko uku. Ya ɗara baƙin tol tsada, amma bai kai alminiyom ba, kuma nauyinsu ɗaya da baƙin: murabba'in mita na 15/10 ya kusa kilo 12, da'irar santimita 65 kuwa wajen kilo 4.

Abu biyu ke ɓata shi, duka a hannun ma'aikaci. Walda tana ƙone tutiyar, sai tsatsa ta fara daidai wurin ɗinkin, ga farin hayaƙin da ke fita yana sa mai aikin zazzaɓi in ya shaƙa da yawa. Gara a huda a ɗaure da bulon, in kuma dole sai an yi walda a shafe wurin da fentin hana tsatsa nan take. Na biyu, fentin mai na yau da kullum ba ya kama jikin sabon galba, ɓarewa yake yi falle-falle. Saboda haka galba abokin leda ne, ba abokin fenti ba. Ledar ƙyalli, wadda ake manna wa fuskar allo don ta mayar da hasken fitila, tana kama shi da kyau in an wanke shi ya bushe.

A kula, ba kwanon rufi ake nufi ba. Shi ma galba ne, amma siriri ne ƙwarai, ba ya allo.

Alminiyom

In ana maganar inganci zalla, shi ne sarki. Ba ya tsatsa ko kaɗan, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, fuskarsa sumul take, leda na kwanciya a kansa ba kumbura. Faranti mai milimita 2 bai wuce kilo 5 da rabi a murabba'in mita ba. Don haka ƙasashe da yawa suka mai da shi abin yin allunan manyan hanyoyinsu.

To amma mu tsaya mu dubi garinmu. Amfaninsa mafi girma, rashin tsatsa, shi ne abin da muka fi ƙarancin buƙata. Illarsa kuma ita ce ta fi kusa da mu: alminiyom kuɗi ne a hannu. Masu zubin tukwane da ludayi suna sayen tsohon alminiyom da kilo, suna narkar da shi, kuma da zarar ya narke babu mai gane daga ina ya fito. Ba su ke zuwa su kwance ba, amma kasuwar na nan, yaron da ke yawo da buhu ya san da ita. Allon da mutum guda zai kwance da sifana cikin minti kaɗan ya naɗe a hammata, a unguwar da ba mai gadi, kwanansa ƙidayayye ne. Ga shi ba kowane mai walda ke da injin ɗinke alminiyom ba, in ya tsage sai dai a sake. Kuma mai laushi ne, dutse na barin masa tabo.

In an nace sai shi, a ɗaure shi da ribe, wato ƙusar da ake matse kanta wadda sifana ba ta kwancewa, ko a sa bulon a ɗiga wa kan noti walda yadda ba zai kwantu ba, a kuma rubuta sunan mai shi a baya da fenti. In kana shakkar abin da aka kawo maka, ɗora maganaɗisu: yana kama galba, ba ya kama alminiyom.

Alucobond da danginsa

Wannan shi ne farantin da ake lulluɓe gaban shaguna da gidajen mai da shi. Fatar alminiyom ce siririya sama da ƙasa, da roba a tsakiya, kaurinsa duka milimita 3 ko 4. Alucobond da Dibond sunayen kayan wani kamfani ne, amma a kasuwa duk mai kama da su sunan yake ci, kuma a nan ne bambanci yake. Mai kyau fatarsa ta kai milimita 0.3 ko fiye, na araha kuwa fatar ba ta fi ta gwangwanin lemo ba. Ka dubi bakin da aka yanka, ka danna da farce.

Yana da abubuwan so. Miƙaƙƙe ne ɗoɗar, ba shi da nauyi, ana yanka shi da wuƙa da ma'auni, ba ya tsatsa, kuma ɓarawo ba ya samun riba a kansa, don robar ta fi alminiyom ɗin yawa. Farashinsa yakan faɗo ƙasa da na alminiyom zalla. Sai dai ba ya yafe duka. In ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan, ba a miƙar da shi. Ramin bulon yakan faɗaɗa in iska na jijjiga shi, sai an sa zoben ƙarfe mai faɗi a ƙarƙashin noti ko an yi masa firam na ƙarfe a baya. Na arahar kuma, bayan ƴan bazara, fatar kan fara rabuwa da robar daga kusurwa. A jikin bango ko cikin harabar gida ba shi da na biyu. A kan sanda guda a bakin babbar hanya, ban yarda da shi ba.

Forex, gilashin roba da katako

Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani. Forex farar roba ce mai sauƙi, tana fara laushi tun zafi bai wuce digiri 60 da kaɗan ba, kuma rana na sa ta gautsi. Ta yi kyau a cikin gini, ko ƙarƙashin rumfa, ko don taron kwana uku. Gilashin roba yana da sheƙi amma jifa ɗaya ke fasa shi. Katako da filawud kuwa gara na jiransu daga ƙasa, ruwa na buɗe su daga sama.

Akwai wani zaɓi da ake rainawa: bangon kansa. In abin da kake so kawai kada a toshe maka ƙofar gareji, a shafe wuri a jikin katanga ko a kan ƙyauren, a zana da'irar hani, a rubuta saƙo. Ba sanda, ba mai sata, ba mai bugewa. Duk shekara biyu a sabunta fenti.

Fuskar allo ta fi farantin muhimmanci

Nan ne mutane suka fi yin kuskuren lissafi. Za a zuba kuɗi a faranti mai tsada, sannan a manna masa sitikar talla wadda aka buga a inji, bayan shekara guda ko biyu ta koɗe ta tsattsage. Direba ba faranti yake gani ba, fuska yake gani.

Ledar ƙyalli tana mayar da hasken fitila zuwa inda ya fito, wato wajen idon direba, kuma aji-aji ce. Aji na 1 ƙananan ƙwayoyin gilashi ne a cikinta, fuskarta lis take, masu yin ta kan ba ta kimanin shekara 7. Ya isa ga lungun unguwa da wurin ajiye motoci, inda ba a gudu. Aji na 2 za ka gane shi da zanen da ke jikinsa irin na saƙar zuma, haskensa ya ninka na farko wajen sau uku, ana ba shi kimanin shekara 10. Shi ya dace da hanyar da manyan motoci ke bi da dare, kamar wadda ta fita Ɗan Isa zuwa iyakar Jibiya, ko babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Akwai aji na 3 da ya fi su duka, amma mai zaman kansa da wuya ya buƙace shi. Waɗannan shekaru na garanti ba da ranar Maradi aka auna su ba, don haka ka rage wani abu a lissafinka. Kuma akwai ledar ado mai ƙyalli wadda ake manna wa babura, tana kama da ta gaske a shago, amma ba ta daɗewa.

Gwajin ba shi da wuya. Ka karɓi guntu, ka bari dare ya yi, ka jingine shi a bango, ka ja baya taku talatin, ka kunna fitilar waya ka riƙe ta daf da idonka. Ta gaske za ta haska kamar an kunna ta. Ka ɗan juya ta gefe ka ga ko hasken na nan. In kana da guntu biyu daga shago biyu, ka jera su tare, ido zai raba gardama.

Wani abin lura: in aka buga launi a kan ledar ƙyalli da tawadar talla mai kauri, an toshe hasken. Da rana allon lafiya lau, da dare farin kawai ke fitowa, ja da shuɗi sun zama baƙi. Abin da ya dace shi ne a yanko jan daga jar ledar ƙyalli, shuɗin daga shuɗiya, a manna a inuwa kan faranti mai sanyi. Bayan ƙurar hunturu a wanke da ruwa da tsumma mai laushi, kada a goge ta a bushe, yashi na karce ta.

Siffa da launi kuma ba abin ƙirƙira ba ne. Allunan da direbobinmu suka koya a makarantar tuƙi irin na tsarin Faransa ne, wanda ya yi daidai da yarjejeniyar Biyena ta 1968: shuɗiyar da'ira mai jan zobe da jan layi guda ita ce hana ajiye mota, mai layi biyu a gicciye hana tsayawa ko na minti ɗaya, shuɗin murabba'i mai farin P wurin ajiyewa. A wannan tsari ƙaramar da'ira santimita 65 ce, matsakaiciya 85. Wanda bai iya karatu ba ma ya san su. In za a ƙara rubutu da Hausa, Faransanci ko ajami, a sa shi a ƙaramin faranti a ƙasa, harafin ya kai santimita 10 in ana so a karanta daga wajen mita 30.

Sanda da gindi

Sandar ta zama bututun ƙarfe mai faɗin milimita 60, ko mai kusurwa 80 da 40, galba in da hali. Ƙasarmu yashi ce, ramin ya kai rabin mita ko fiye, a zuba kankare, a ɗinka guntun rodi a gicciye a ƙasan sandar don kada ta juya ko a zare ta. A ɗaga kankaren ya ɗan yi tudu don ruwa ya gangare, domin daidai bakin ƙasa sanda ke ruɓewa. A toshe bakinta na sama. Inda mutane ke wucewa, ƙasan allon ya kai mita 2.30, saboda masu kaya a ka. A lanƙwasa gefen farantin baya, yana ƙara masa ƙarfi, kuma ba ya yankar hannu.

| Abu | Kuɗin saye | Daɗewa a rana da ruwa | Gyara a gari | Haɗarin sata | Jure duka |
|---|---|---|---|---|---|
| Baƙin tol | Araha | Sai da sabunta fenti | Ko'ina | Kaɗan | Sosai |
| Tol galba | Matsakaici | Mai tsawo | Ko'ina | Kaɗan | Sosai |
| Alminiyom | Mafi tsada | Mafi tsawo | Da wuya | Babba | Matsakaici |
| Alucobond | Matsakaici zuwa tsada | Ya danganta da fata | Ba a gyarawa | Kaɗan | Rauni |
| Forex | Araha | Gajere | Ba a gyarawa | Babu | Rauni ƙwarai |
| Zane a bango | Mafi araha | Sai da sabunta fenti | Ko'ina | Babu | Ba ya shafar sa |

Farashin waɗannan kaya yana motsi da canjin naira da sefa, tunda da yawansu ta Kano da Katsina suke shigowa, wasu kuma daga tashar jirgin ruwa, wadda hanyarta ta ƙara nisa lokacin da aka rufe iyakar Benin a 2023. Dabarar da ba ta canjawa ita ce ka sa a rubuta maka kuɗin kashi huɗu, faranti daban, leda daban, sanda da siminti daban, ladan aiki daban, da kaurin tol da ajin leda a rubuce. Ka kuma yi oda daidai da falle: mai mita 1 da mita 2 yana fitar da murabba'i 8 na santimita 50, ko da'ira 3 ta santimita 65. Maƙwabta biyu ko uku in sun haɗa kuɗi, babu ragowar da za a bar wa mai walda.

Wa zai ɗauki wanne

Makaranta, kilinik ko masallacin da ke bakin kwalta, inda ake so direba ya rage gudu ko kada ya tsaya: galba 15/10 mai lanƙwasasshen gefe, ledar ƙyalli aji na 2, sanda a kankare. Kafin a haƙa rami a je ofishin magajin gari a nemi izini, don gefen titi na hukuma ne, allon da aka kafa ba da saninta ba ana iya tumɓuke shi, kuma ɗan sanda ba zai hukunta kowa a kansa ba.

Tasha da bakin kasuwa, inda ake gogayya da kaya da amalanke dare da rana: ƙarfe dai, galba ko baƙin tol mai kauri, da firam a baya in allon babba ne, da sanda biyu. Nan abin da ake nema shi ne wanda za a miƙar gobe da safe.

Harabar otel, banki, gidan mai ko ma'aikata mai katanga da mai gadi: Alucobond mai kaurin fata a jikin bango, ko alminiyom in aljihu ya yarda, da leda aji na 1. Allon da ake fitarwa da safe a shigar da yamma, irin mai gindin taya da siminti, shi ma Alucobond ya fi, don yaro ma zai iya jan sa.

Ƙofar gida ko gareji a lungu: fenti a bango. In ana yawan toshe ta da dare, a ƙara ƙaramin farantin galba mai ledar ƙyalli a kan ƙyauren, a ɗaure da ribe. Biki, wa'azi ko aikin gini na ƴan makonni: Forex, a ɗaure da waya, a cire in an gama.